Sashen Kaka da Dokin Aro

Enos Raber bai gaya wa kowa zai aurar da autarsa ba. Igiya kawai ya ja a gefen ɗakin girki, ya kafa turaku, ya sa aka fara haƙa harsashi.

A yankinmu na Ohio, inda ikilisiyarmu ta tsaya kan keken doki ta bar wa wasu mota, wannan ya isa sanarwa. Mutum ba ya gina sashen kaka, wanda muke kira dawdi, sai ya shirya sauka daga babban gida ya bar wa na baya gona da shanu. Enos kuwa mata zalla Allah ya ba shi. Manyan sun bi mazajensu wasu jihohi, Saloma kaɗai ta rage, ga gwiwoyinsa sun fara ƙin bin umarni. Duk wanda ya wuce a keken doki ya ga ramin nan ya san akwai suruki a hanya.

Akwai ɗin kuwa. Sai dai surukin da ke ran Enos daban, wanda ke ran Saloma daban.

Doki ne ya jawo. Mu nan ba a tambayar budurwa wa ke nemanta. Uba zai iya ramewa don son sani, amma ba zai buɗe baki ba har sai dattijon coci ya kawo masa saƙo dab da biki. Abin da ya rage masa shi ne taga. In matasa sun tashi daga waƙoƙin yammacin Lahadi, sai ya ɗan ɗaga labule ya ga wa ya dawo masa da 'ya. Kekunanmu duk baƙaƙe ne iri ɗaya, saurayi kuma yana iya jan hula ya rufe rabin fuska. Doki ne ba ya ɓuya.

Tun hunturun bara jan doki mai farar ƙafar baya ke tsayawa a ƙofar gidan Raber. Kowa ya san na Monroe Troyer ne, manomi ɗan manomi, wanda yayyensa suka riga shi ga gonar gado. Amma mai riƙe da linzamin ba Monroe ba ne. Atlee ne, ɗan ƙanin babansa, kafinta. Atlee ya sayar da nasa dokin tun da ya shiga ayarin maginan da motar wani Ba'ingilishe, wato wanda ba ɗan ikilisiyarmu ba, ke kwasa kowace safiya zuwa bayan birni, inda suke kafa wa masu motoci gidaje layi-layi. Ya ce bai ga amfanin dabbar da za ta ci hatsi duk mako don fitar yamma ɗaya ba. Sai ya koma aro.

Shi ɗin kuma Enos ya kira ya ba aikin ginin.

Da farko Saloma ta yi murna har ta ƙona burodi. Ta ɗauka Baba ya gane, ya kuma yarda, shi ya sa ya kira mutumin ya gina da hannunsa. Murnar ba ta kai ƙarshen mako ba. Wata rana ta kai wa Atlee ruwa a bakin harsashi, ta tarar da shi zaune kan bulo, takardar zane a cinya, yana kallonta kamar an rubuta da wani yare.

Ya gaya mata abin da ya faru. Suna cikin duba zane, Enos ya ce a juya tagar ɗakinsa ta kalli hanya, kada ta kalli turken shanu, don in ya ga suruki yana tatsa ba yadda ya saba ba, ƙafarsa za ta kai shi ko bai so. Atlee ya yi dariya. Sai tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ƙara da cewa, kafin a taɓa bangon ɗakin girki a ji ta bakin Monroe, tunda shi zai zauna ta wancan ɓangaren.

“Me ka ce masa?” in ji Saloma.

“Na ce to.”

“To? Bakin naka ma aronsa ka yi?”

Bai yi dariya ba. Ya ce ta san ba a yi. Saurayi ba ya tsayawa gaban uban yarinya ya ce ni ne, balle a gaya wa dattijo kamar Enos cewa ya yi shekara yana leƙen taga a banza. Kuma ko ya faɗa, sai me? Enos ba miji kawai yake nema mata ba, manomi yake nema. Shi kuwa Atlee tun yana ƙarami in ya shiga rumbun harawa ƙirjinsa ke toshewa, numfashinsa ya koma fito, sai an fito da shi ɗauke. Ƙurar katako ba ta yi masa komai, sai ta ciyawa. Haka Allah ya raba.

Saloma ta karɓe kofinta tun bai gama sha ba, ta koma ciki.

Gini ba ya jiran masoya su gama shawara. Aka zuba kankare, aka ɗora bulo, aka shimfiɗa katakon daɓe daidai da na ɗakin girki, ba matakala ko ɗaya. Da lokacin ta da bango ya yi, Enos ya kira gayya. Maza suka zo da gudumominsu, mata suka zo da kaji da dankali da burodin tuffa, kafin azahar sashen ya tsaya da ƙafafunsa.

Monroe ya zo, ba sai an faɗa ba. Shi ke ɗaukar katakon da mutum biyu ke ɗauka, tsofaffi suna kallonsa suna gyaɗa kai, suna satar kallon Saloma. Ita kuwa tana zuba musu kofi da fuskar da ba a karanta komai a kai.

A wajen famfo ta tare shi, yana wanke hannu. Ta tambaye shi ko ya san abin da mutane ke cewa. Ya ce yana da kunne. Ta ce to me ya hana shi gyara zancen?

“Wane zance na ɓata? Ɗan'uwana ya ce ara mini doki, na ara masa. Ni na ce babanki ya leƙa?”

“Ka san abin da zai gani.”

“Na sani,” in ji shi, yana yarfe ruwa. “Shi ya sa ban taɓa hana shi ba. Dokin nan yanzu ya fi Atlee sanin hanyar gidanku. Ko barci nake zai kawo ni.”

Ta so ta tsane shi a wurin, amma Monroe ba ya ba mutum wannan sauƙin. Bai ɓoye komai ba. Ya ce gonar yana so, ita ma yana so, kuma ba zai yi mata ƙarya ya ce ya san wanne ya fara so ba. Ya ce Atlee mutumin kirki ne, zai gina mata gida mai kyau a gefen kwalta, ta riƙa kallon motoci suna wucewa, tsohonta kuma yana nan yana jan ƙafa bayan shanu har ya faɗi. Ya ce ba gaggawa yake yi ba. Sashen kaka ne, kafin kaka za a gama shi, ita ma ta yi tunani zuwa lokacin.

Ya ji daɗin wannan maganar tasa har ya maimaita ta. Saloma ta bar shi a nan yana murmushi shi kaɗai.

Da yamma, bayan an watse, ta tarar da mahaifiyarta Dena tana sauke kwanuka daga kantar da ke jikin bangon da za a fasa gobe. Ta kasa su gida biyu a kan tebur. Ƙananan tukwane da kofuna biyu a gefe ɗaya, manyan tukwanen da ake dafa wa masu girbi a ɗaya gefen.

“Waɗannan naki ne,” in ji Dena, tana nuna manyan. “Mu biyu me za mu yi da su.”

Saloma ta zauna. Ta daɗe tana kallon tukwanen kafin ta ce, “Inna, ba Monroe ba ne.”

Dena ba ta ko juyo ba. Ta ci gaba da goge faranti, ta ce ta sani tun hunturu. Babanki ido yake sa wa, in ji ta, ni kunne. Monroe ba ya tari in ya wuce ta gefen rumbu.

Nan ne hawaye ya zo wa Saloma, ba don baƙin ciki kaɗai ba, har da haushi. Ta tambaye ta me ya sa ta yi shiru aka haƙa rami, aka zuba kankare, aka tara rabin ikilisiya a kan kuskure.

Dena ta ajiye farantin. Ta ce tun da yayar Saloma ta ƙarshe ta tafi Kentucky ba ta ƙara jin Enos yana waƙa a turke ba sai bana. Ta ce ta yi niyyar faɗa masa sau da yawa, sai ta gan shi tsugune yana auna inda kujerarsa za ta zauna, bakinta ya mutu. Ta kuma ce, a hankali, tana duban hannuwanta, ta yi fatan ko lokaci zai juya zuciyar Saloma ta bi dokin.

“Ke ma kenan, Inna.”

“Ni ma. Ba zan ɓoye miki ba, 'yar nan. Atlee yaro ne mai ladabi, ban da abin faɗa a kansa. Amma na haifi 'ya'ya na cika gida, ga shi ina shirin tsufa ina jiran wasiƙa. Ke kaɗai kika rage da zan iya kira ki ji.”

Ta ba ta ƙyallen goge kwano ta share fuska. Suka ƙarasa sauke kantar tare.

Washegari bayan tatsar safe Atlee ya zo shi kaɗai, don fasa bango ba aikin taro ba ne. Ya ja layi da fensir a jikin bangon ɗakin girki, ya tokare sama da katako biyu, ya sa zarto. Enos yana tsaye a gefe da sandarsa, yana ba da shawarar da ba a nema ba. Dena ta lulluɓe murhu da tsohon zane saboda ƙura.

Da allon ƙarshe ya faɗi, haske ya shigo ɗakin daga inda bai taɓa shigowa ba. Ta ɓular ana hango sabon sashen, ƙamshin ɗanyen katako, ƙaramin ɗakin girki da ba a gama ba, da tagar da ke kallon hanya. A can gefe ƙyauren yana jingine, na itacen oak, Atlee ya yi shi da kansa.

Enos ya leƙa, ya ja baya, ya sake leƙawa. Fuskarsa ta koma ta yaro. Ya ce a gaya wa Monroe kada ya damu, sakata ta ɓangaren matasa za ta kasance, tsofaffi ba za su faɗo masa a tsakiyar cin abinci ba.

“Baba,” in ji Saloma, “ba Monroe ke dawo da ni ba. Atlee ne.”

Zarton yana hannun Atlee. Bai ajiye ba, bai kuma ɗago ba.

Enos ya dubi 'yarsa, ya dubi kafintan, ya dubi matarsa, wadda ta sami wani abin gyarawa a jikin murhu. Can a turke saniya ta yi kuka.

“Dokin fa?”

“Aro ne, Baba.”

Ya yi 'yar dariya ta hanci, wadda ba daɗi a cikinta. Ya jawo kujera ya zauna, ya miƙe ƙafar da ta fi ciwo. Enos ba mai ɗaga murya ba ne, ko a kan alfadari. Ya tambayi Atlee abu ɗaya kawai, ko zai iya shiga rumbun harawa. Atlee ya ce ba zai iya ba, kuma ba zai yi masa alkawarin da ƙirjinsa zai karya ba.

Tsohon ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa za a yi ruwa. Ya ce ba zai hana ba. Dukansu 'yan ikilisiya ɗaya ne, Saloma kuma ba yarinya ba ce, in dattijon coci ya zo zai amsa masa da alheri. Amma gwiwar nan ba za ta ƙara kai shi wani hunturu a turke ba. In ba suruki manomi, dole ya ba wani ya riƙe gonar, babban gida kuma gona yake bi. Wataƙila Monroe ɗin ne dai, da duk matar da ya samo.

“In haka ne,” ya ce, ya nuna ɓular da sanda, “wannan ba ƙofa ba ce. Ba a buɗe ƙofa cikin ɗakin girkin matar wani. Ka mayar mini da bangona yadda yake, mu riƙa shiga ta waje. In kuwa 'yata ce za ta zauna a nan, ka kafa ƙyaurenka. Za ni turke. In na dawo in tarar da ɗaya, don ba zan kwana da rami a gida ba.”

Ya miƙe da ƙyar, ya ƙi hannun da Atlee ya miƙa masa, ya fita.

Saloma ba ta tsaya dogon tunani ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ba. Ta tsallaka cikin sabon sashen, ta ɗauko allo ɗaya daga cikin waɗanda aka cire, ta miƙa wa Atlee. Hawaye na zubo mata. Ta ce ya buga. Za ta riƙa zuwa duk Lahadin da ba sujada, tunda tsallake mako ake yi, za ta yi musu wanki, za ta kwana in wani ba lafiya. Yayyenta sun tafi ba wanda ya ce sun yi laifi, ita ma mutum ce.

Atlee bai karɓa ba.

Ya ce ta dubi faɗin ɓular. Ta duba, ba ta ga komai ba sai rami. Ya ce ƙofar ɗaki ba ta kai haka, ya ƙara mata kusan taƙi guda. Daɓen ma shi ya sa ba tudu ko na yatsa a tsakani. Ranar da suka fara zane Enos ya ja shi gefe ya ce a yi ta yadda kujera mai taya za ta wuce, don likita ya gaya masa abin da ke tafe, kuma kada matan gidan su ji.

Dena ta dafa murhu.

“Inna ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba,” in ji Atlee. “In ya faɗi, wa za ta kira? Ni na san bangon nan, Saloma. In na mayar da shi na cusa masa abin tare sanyi, ko ihu aka yi ba a ji ta wancan gefen.”

“Sai ka bar ni kenan.”

“Ban ce na daina sonki ba.”

“Ban tambaye ka wannan ba. Kai ka kasa cewa ni ne, ni na faɗa. Yanzu na zaɓe ka a gaban uwata, kana gaya mini faɗin ƙofa. Ni ba katako ba ce, Atlee, da za ka auna ka ce ga inda na dace.”

Ya ce ya sani. Ya ce in ya buga allon nan zai aure ta, za su yi zaman lafiya, har ranar da za a zo a ce tsohon ya kwana a ƙasa ba wanda ya ji. Daga ranar za ta riƙa kallon hannunsa tana tuna wa ya buga ƙusar. Gara ta ji haushinsa yau.

Idonsa ya yi ja, amma ya juya ya kama aiki. Ya kafa firam, ya duba da ma'auni, ya ɗauko ƙyauren. Mutum ɗaya ba ya rataya ƙyauren oak, sai an riƙe masa. Ya dubi Saloma. Ta rungume allonta a ƙirji ta kau da kai.

Dena ce ta goge hannu a jikin riga ta zo ta riƙe masa. Tana riƙe tana kuka ba sauti, shi yana ɗaure ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, daga ɓangaren sabon sashen.

Haka Enos ya dawo ya same su. Ya tsaya a bakin ɗakin girki yana haki, ya dubi ƙofar, ya dubi allon da ke hannun 'yarsa. Ba wawa ba ne, ya gane wa ya zaɓi me. Duk da haka ya ce, a hankali, tunda ƙofa ce, sai a aika wa Monroe.

Saloma ta jingine allon a jikin tebur. Ta tsallako cikin ɗakin girki, ta share fuska da bayan hannu.

“Ƙofa ta kafu, Baba. Ina nan ta wannan ɓangaren, in ka kira zan ji. Shanun ma ai ni nake tatsar rabinsu tun bara. Amma kada a aika wa kowa. Ni kaɗai zan zauna.”

A can cikin sabon sashen Atlee ya ɗago kai, ya kira sunanta sau ɗaya.

Ta kama ƙyauren ta mayar da shi da hannunta, shi yana wancan gefen, ta ja sakata. Ƙofar ta shiga mazauninta ba ƙara ko kaɗan, don Atlee bai iya mugun aiki ba, kuma a safiyar nan ta tsane shi saboda haka.